Jan Fenti A Bangon Gida: Rigimar Hanyar Bakin Teku A Ikko

A birnin Ikko babu abin da yake tsinka zuciyar mai gida kamar ya wayi gari ya tarar da jan fenti a bangon gidansa. Alamar ba ta da wani girma, ɗan zane ne da lambobi biyu ko uku, amma yaro da babba kowa ya san fassararta, watau ma'aikatan safiyo sun ratsa unguwa sun ja layi, katafila kuma tana nan tafe. Irin wannan alama ce ta bayyana a bangayen gidaje masu yawa na yankin Lekki cikin watannin farko na shekarar 2024, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta soma aikin babbar hanyar nan ta bakin teku wadda aka shirya za ta tashi daga Ikko ta dire a Kalaba. Ba a jima ba mutanen unguwanni irin su Okun-Ajah suka fito kan titi da kwalaye a hannu, suka aika wa hukuma da takardun koke, daga baya kuma waɗansu suka garzaya kotu.

Mai karatu da yake zaune a Kano ko Sakkwato ko Yola yana iya mamakin wannan al'amari. Garuruwa nawa ne a ƙasar nan suka shekara ashirin suna roƙon a zuba musu ko da jar ƙasa ce a kan hanyarsu, don motar ɗaukar amfanin gona ta iya shiga da damina? Ga waɗansu kuwa an kawo musu titin kankare har ƙofar gida, suna ɗaga murya suna cewa a kauce musu. To, amma ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya san abin da ya auku a wannan yanki daga 1990 zuwa yau ba zai yi saurin zargin mutanen nan da ƙin ci gaba ba.

ABIN DA AKA SHIRYA

Tsawon hanyar duka zai kai kimanin kilomita 700, ta ratsa jihohi tara. A watan Fabrairu na 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da kashe fiye da Naira tiriliyan 1, watau miliyan sau miliyan, a kan kashin farko kaɗai, mai tsawon kilomita 47 da 'yan kai, wanda ya tashi daga Titin Ahmadu Bello a tsibirin Victoria ya tsaya a Eleko. An ba da kwangilar ga kamfanin Hitech na iyalin Chagoury, waɗanda kuma su ne masu kamfanin da yake gina sabon birnin Eko Atlantic a kan filin da aka cike da yashi a Bar Beach, bakin ruwan nan da dattawa za su tuna ana ɗaure 'yan fashi ana harbewa a shekarun 1970. Alhaji Atiku Abubakar ya soki yadda aka ba da kwangilar ba tare da an buɗe wa kowa ƙofar takara ba, shi kuma Mista Peter Obi ya ce da an fara gyara hanyoyin da suka mutu a ko'ina cikin ƙasa da ya fi. Ministan Ayyuka, Injiniya David Umahi, ya tsaya kai da fata a kan cewa an bi doka, kuma hanyar za ta buɗe arzikin jihohin bakin teku.

Adalci ne a faɗi cewa gwamnati tana da hujja mai ƙarfi. Yankin Lekki wani dogon zirin ƙasa ne, teku ta kudu, tafki ta arewa, kafin wannan aiki babbar hanya ɗaya tak ke ratsa shi daga tsibirin Victoria zuwa Epe. A farkon shekarun 1980 mafi yawansa fadama ne da kurmin kwakwa da ƙauyukan masunta. A yau ya cika ya batse da gidaje. Bugu da ƙari, a watan Janairu na 2023 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a can gabashinsa, a watan Mayu na wannan shekara kuma aka ƙaddamar da matatar man fetur ta Alhaji Aliko Ɗangote, ga masana'antar takin zamani a kusa da ita. A lokacin manyan motocin da suke jigilar wannan kaya duka hanya ɗaya suke rabawa da ma'aikacin da yake fita daga Ajah tun da asuba don ya isa ofis a kan lokaci. Babu mai hankalin da zai ce ba a bukatar hanya ta biyu. Mutanen unguwannin ma ba su faɗi haka ba. Abin da suke tambaya shi ne ta ina za ta bi, wa ya zaɓi wurin, wa zai yi hasara, wa kuma zai ci riba.

TABON MAROKO

Maroko unguwar talakawa ce da ke gabashin tsibirin Victoria, a daidai bakin shiga Lekki. Waɗansu daga mazaunanta hukuma ce da kanta ta zaunar da su a can tun wajen ƙarshen shekarun 1950, bayan ta tashe su daga waɗansu sassan birni. A watan Yuli na 1990, ana tsakiyar damina, Gwamnan Soja na Jihar Legas, Kanar Raji Rasaki, ya ba su wa'adin kwana bakwai su kwashe nasu ya nasu. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa yana cinye shi, zama a cikinsa haɗari ne ga lafiya. Da wa'adi ya cika katafiloli suka shiga tare da sojoji da 'yan sanda, suka baje gidaje da makarantu da masallatai da majami'u. An ƙiyasta mutanen da suka rasa matsuguni sun kai 300,000.

Kaɗan daga cikin masu gidaje aka ba su wurin zama a Ilasan da Ikota da Epe, a cikin rukunonin gidaje masu sauƙin kuɗi da gwamnatin Alhaji Lateef Jakande ta fara, da yawansu ba a ma gama gina su ba. 'Yan haya kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, kowa ya kama gabansa. Filin da aka ce bai dace da zaman ɗan Adam ba sai aka cike shi da yashi, aka yanka shi fuloti fuloti, yau yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tsada a Nijeriya. Waɗanda aka tasa sun shafe shekaru masu yawa suna hawa da sauka a matakalar kotu, da yawansu har suka riga mu gidan gaskiya ba su ga diyya ba.

Bayan Maroko sai batun kuɗin hanya. A 2006 gwamnatin jiha ta miƙa hanyar Lekki zuwa Epe ga wani kamfani na tsawon shekara 30, a kan ya faɗaɗa ta ya riƙa karɓar kuɗi daga masu motoci. Mazauna yankin suka ce wannan hanya da kuɗin jama'a aka gina ta tun farko, kuma ba su da wata ta kirki da za su bi su fita daga gidajensu. Ran 17 ga watan Disamba na 2011 suka yi zanga-zanga, 'yan sanda suka tarwatsa su, kashegari aka soma karɓar Naira 120 a kan ƙaramar mota. Duk da haka kukansu bai tafi a banza ba, domin an dakatar da karɓar kuɗi a shinge na biyu, a 2013 kuma gwamnati ta ba da sanarwar za ta saye yarjejeniyar daga hannun kamfanin.

Sa'an nan ga Otodo Gbame, ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Egun a bakin tafkin Lekki, wanda aka rushe tsakanin watan Nuwamba na 2016 da watan Afrilu na 2017. Ƙungiyar Amnesty ta ce mutane fiye da 30,000 abin ya shafa. A watan Yuni na 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci cewa tashin mutane haka ba tare da an tanadar musu wani wuri ba ya saɓa wa tsarin mulki. Amma kafin hukuncin ya fito ƙauyen ya riga ya zama fili, daga baya aka cike shi da yashi domin gidajen masu hannu da shuni. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle.

HANYA A GABA, GIDAJE A BAYA

Darasin da mutanen Lekki suka koya daga waɗannan shekaru shi ne hanya ba ta zuwa ita kaɗai. Ranar da aka ja layinta, ranar kuɗin filayen da ke gefenta suke tashi. Wanda ya riga kowa sanin inda za ta bi sai ya aika dillalai su saye gonaki da fadamu da araha daga hannun 'yan asalin wuri, waɗanda Yarabawa suke kira omo onile. Kafin a gama zuba kankare an kafa manyan alluna ana tallan fuloti, an kewaye fili da katanga an sa masa ƙofa da mai gadi.

Wannan yana jawo wa tsofaffin mazauna illa ta hanyoyin da ba a rubuta su a takardar kwangila. Fadamar da aka cike da yashi ita ce da can take shanye ruwan sama, da zarar an toshe ta kuwa ruwa sai ya nemi inda ya fi kwari, watau tsohuwar unguwa. Kuɗin haya yana hawa har ya fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa. Masunta suna rasa mashigar da suke tura kwalekwale. Kowane sabon gida kuma yana zuwa da motarsa ɗaya ko biyu, shi ya sa hanyar Lekki zuwa Epe da aka faɗaɗa ta koma ta cushe kamar ba a taɓa ta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ABIN DA DOKA TA CE

Tushen maganar yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa, watau dokar soja mai lamba 6 wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ran 29 ga watan Maris na 1978, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai da wahala. Dokar ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake da shi izinin zama ne da amfani. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan izini idan bukatar jama'a ta taso, kamar gina hanya, amma sai an ba mai wurin sanarwa a rubuce. Sashe na 29 ya yi tanadin diyya, kuma a nan gizo yake saƙa, domin abin da ake biya shi ne ƙimar abin da mutum ya aza a kan ƙasar, gini ko shuka ko itatuwa. Kuɗin filin kansa ba ya cikin lissafi.

A ƙauyen da fili ba shi da tsada wannan yana iya wucewa ba a ji zafinsa ƙwarai ba. A Lekki kuwa, inda sau da yawa fili ya fi ginin da ke kansa daraja, ma'anarsa ita ce mutumin da aka rushe wa gida ba zai iya sayen wani fili a unguwarsu da kuɗin da aka ba shi ba. Sai ya ƙara gaba can nesa, inda babu makarantar 'ya'yansa, babu masu cinikinsa. Maƙwabcinsa da layi ya kuskure da taku goma kuwa ya wayi gari attajiri. Ga kuma wata matsalar: gwamnatin jiha ta daɗe da yin shelar karɓe mafi yawan filayen Lekki, sa'an nan take yanka wa ƙauyuka wani yanki ta buga a gazet. Wanda ya sayi fili a wajen wannan yanki, ko da yana riƙe da rasiɗin dangin da suka sayar masa, a idon hukuma baƙo ne a kan ƙasar gwamnati.

Doka ba ta bar talaka hannu rabbana ɗungum ba. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukunci cewa ba a karɓe filin wani da sunan bukatar jama'a sa'an nan a miƙa wa wani ɗan kasuwa ya yi harkarsa. Har ila yau akwai dokar soja mai lamba 86 ta 1992, wadda ta ce babban aiki irin wannan sai an binciki illarsa ga mahalli, an baje rahoton inda jama'a za su karanta su faɗi ra'ayinsu. Masu suka sun ce an soma aikin hanyar bakin teku kafin a cika wannan sharaɗi, ma'aikatar kuma ta ce tana da amincewar wucin gadi.

LAYI BIYU A OKUN-AJAH

A ƙarshen watan Afrilu na 2024 aka soma rusau. Abin da ya fi cika jaridu shi ne wurin shaƙatawa na Landmark, inda hanya ta cinye bakin ruwan, masu wurin kuma suka ce dubban mutane ne suke cin abinci a nan. Ran 1 ga watan Mayu ma'aikatar ta fara rabon diyya da Naira miliyan 2,750, kafin ƙarshen shekara kuma ta ce jimlar diyyar kashin farko ta kai Naira miliyan 18,000.

Rigimar da ta fi koyar da darasi ita ce ta Okun-Ajah, a Ƙaramar Hukumar Eti-Osa. Mutanen wurin sun ce tun 2006 gwamnatin jiha ta fitar da layin da hanyar bakin teku za ta bi, ta buga shi a gazet, su kuma suka kauce masa suka yi gine-ginensu a inda aka nuna musu babu laifi. Kwatsam sai ga sabon layi ya biyo ta tsakiyar gari. Ma'aikatar ta kawo hujjar cewa waɗansu sun riga sun yi gini a kan tsohon layin, bin sa zai jawo rushe gidaje masu yawa. Mutanen gari suka amsa da cewa ashe wanda ya bi doka shi za a hukunta, wanda ya taka ta a kare shi ke nan.

Cikin watan Mayu na 2024 Ministan ya ba da sanarwar an sake shawara a kan wannan yanki, tsakanin kilomita na 16 da na 25. Babban dalilin da aka ambata shi ne kamfanonin sadarwa sun yi gargaɗi cewa manyan wayoyinsu na ƙarƙashin teku a nan suke fitowa tudu, taɓa su kuwa yana iya katse intanet a ƙasa. Mutanen gari suka yi murna suka yi godiya. Sai dai mai lura zai ga cewa wayar kamfani ta fi kukan mai gida saurin isa kunnen hukuma. Ba a kuma rufe shekara ba sai da waɗansu masu filaye a yankin, har da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje da suka zuba kuɗinsu a wani rukunin gidaje, suka fito suna cewa yanzu kuma ta kansu hanyar ta biyo, suka nufi kotu. A ƙarshen watan Mayu na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya buɗe kilomita 30 na farko.

Layin da ake iya matsar da shi yau a mayar gobe yana sa kowa ya zargi maƙwabcinsa da sanin wani babba, ko da kuwa injiniyoyi suna da dalilinsu na gaskiya. Abin da ya rage wa mutanen Okun-Ajah hasara shi ne sun haɗa kai tun da wuri, sun riƙe takardunsu, sun kuma yi magana da murya ɗaya a gaban hukuma da 'yan jarida.

WAƊANDA BA A ƘIRGA SU BA

A duk wannan ce-ce-ku-ce akwai mutanen da ba a jin muryarsu. Takardar diyya sunan mai gida take ɗauke da shi. Ɗan hayan da ya biya kuɗin shekara guda, da mai shagon katako a bakin titi, da matar da take soya kifi a bakin ruwa, duk ba sa cikin jerin. Cikin irin waɗannan akwai 'yan Arewa masu yawa da suke neman na kansu a Lekki, masu gadi da masu shayi da masu tsire da leburorin gini, waɗanda su ne suke ɗora bulon sababbin gidajen da ba za su taɓa kwana a cikinsu ba. Ranar rusau abin da suke tsira da shi bai wuce abin da za su iya ɗauka a ka ba.

Gyaran wannan al'amari ba ya bukatar a fasa gina hanyoyi. Ya kamata a zauna da mutanen unguwa tun kafin a sa hannu a kwangila, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya san ta inda ruwa yake bi da inda kakanninsa suke kwance. Layin da aka buga a gazet a tsare shi kada kowa ya yi gini a kai, in kuma dole ta sa a canja shi a bayyana dalili a fili. Diyya ta zama wadda za ta iya mayar wa mutum da irin abin da ya rasa, a biya shi kafin katafila ta iso, a kuma sa ɗan haya cikin lissafi. Sa'an nan tun da kuɗin jama'a ne ya ɗaga darajar filayen gefen hanya, babu laifi in hukuma ta karɓi wani kaso daga masu rukunonin gidaje ta tsugunar da waɗanda aka tasa a kusa da inda suka saba.

Maganar ba ta tsaya a Ikko ba. A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela, wadda aka daɗe ana zancenta tun zamanin Alhaji Shehu Shagari, mai tsawon kilomita 1,068, za ta kuma ratsa Kebbi da Neja da Kwara kafin ta gangara kudu. Dokar 1978 ɗin nan ita ce za ta yi aiki a kan gonakin da ke hanyarta. Manomin da yake da gona a wannan layi ya nemi takardar shaida daga Ƙaramar Hukumarsa, ya ƙirga itatuwansa da rijiyoyinsa a gaban mai unguwa da shaidu, ya kuma yi hattara da baƙon dillalin da zai zo da kuɗi a hannu yana gaggawar saye. Mutanen gari su kafa kwamiti tun safiyo bai iso ba, su sa mai aron gona da mai jingina a ciki, su tuna da burtalin makiyaya da mashayar dabbobi da maƙabarta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.